A Dawo Wa Yaran Zango Da Tatsuniyarsu

Tun da Ministan Ilimi, Haruna Iddrisu, ya ba da umarni a watan Oktoban 2025 cewa a riƙa koyar da yara da harshen gida, gardama ba ta lafa ba a rediyo da Facebook. Daga baya ma'aikatar ta yi bayani cewa daga KG ne zuwa aji uku na firamare. Wasu suka yaba, wasu suka ce za a mayar da yara baya. Mu 'yan Zango muna da tambaya tamu daban wadda ban ji an amsa ba: yaron da aka haifa a Nima ko Maamobi, wane harshe za a ce shi ne nasa?

Harsuna 11 gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyinsu a makarantu: Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Ku duba da kyau, Hausa ba ta ciki. GBC ta yi shekaru aru-aru tana karanta labarai da Hausa, 'yan siyasa kuma in zaɓe ya zo kowa ya iya "sannunku da aiki", amma littafin aji ɗaya da Hausa babu. Alhali yaron lungunmu, ko uwarsa Kotokoli ce ubansa Bazabarme, ko iyayensa Mosawa ne ko Dagwamba ko Fulani, da Hausa yake wasa, da ita yake faɗa, da ita yake kai ƙara. Ya shiga aji sai ya tarar da Turanci, in an ce lokacin harshen gida ne kuma a ba shi Ga ko Twi.

Ku haɗa wannan da abin da ke faruwa a makaranta wajen malam. Yaro ya koyi baƙi da wasali, ya haɗa, ya biya, ya haddace. Wannan aiki ne mai daraja, kuma babu mai hankalin da zai raina shi, don da shi aka riƙe Alƙur'ani a ƙirazan mutane tun kafin a san wani wuri wai shi Nima. Amma tsarin haka yake: lafazi tukuna, ma'ana sai an girma an zauna gaban malamin tafsiri. To ka ga yaro ɗaya, da safe yana furta Turancin da bai ji, da yamma yana furta Larabcin da bai ji. Sau biyu a rana ana nuna masa cewa karatu shi ne fitar da sauti daidai. Mu iyaye ma mun yarda da haka. In muka ji muryarsa tana gudu a kan takarda sai mu ce masha Allah, yaro ya iya karatu. Rufe littafin ka tambaye shi da Hausa, "To me ya faru a ciki?" Sau da yawa sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA, wanda aka yi a faɗin Gana a 2013 aka maimaita a 2015, ya nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji biyu ke iya karantawa sumul su kuma fahimta, kusan rabinsu kuwa ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Bankin Duniya a rahotonsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 na kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Ciwon na kowa ne. Namu ya fi zafi ne don maganin da gwamnati ta rubuta bai zo da sunanmu ba.

Kuma illar ba nan take take fitowa ba, shi ya sa take yaudararmu. A aji ɗaya da biyu yaro mai kaifin hadda zai iya zuwa na ɗaya. Daga aji huɗu wasa ya canja: yanzu ba karatun ake koya masa ba, da karatun ake so ya koyi kimiyya da tarihi, har lissafi ma ya koma tambaya mai dogon bayani. Nan ne za ka ji tica ya ce yaron nan da yana da ƙoƙari, ban san me ya same shi ba. Babu abin da ya same shi. Ramin yana nan tun farko, yanzu ne aka iso bakinsa. Daga nan sai BECE ta zo ta yanke hukunci, a ce ba shi da kai, a kai shi koyon aiki. Koyon aiki ba abin kunya ba ne, amma makanike ma yau yana karanta abin da na'ura ta rubuta masa, mai shago tana karanta saƙon MoMo don kar ɗan damfara ya wanke ta, kuma kowa a Accra wata rana zai sa hannu a takardar haya.

Masu binciken karatu sun daɗe da warware yadda abin yake. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka ce fahimtar rubutu ƙafa biyu gare ta: iya mayar da baƙaƙe su zama kalma, da kuma iya gane magana in an faɗe ta. Suka ce ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi, wato in ɗaya ta zama sifili, duka sifili ne. Ƙafa ta farko aikin tica ce da allo da alli. Ta biyu kuwa tun kafin yaro ya ga baƙi ko ɗaya take fara tsiro. Yawan kalmomin da ya sani. Iya riƙe farkon zance har a kai ƙarshensa. Sanin cewa wannan ne ya jawo wancan. Iya gano abin da mai magana bai faɗa ba amma yana nufi. Duk ta kunne ake samunsu, kuma babu abin da ke ɗauke da su gaba ɗaya a wuri guda kamar labari.

Mu ɗauki tatsuniyar da yawancin manyanmu suka sani, ta Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki suna tashi su je wani ɓaure a tsakiyar ruwa su ci su ƙoshi. Gizo ya lallaɓa da tsamin bakinsa har suka yarda za su je da shi, kowa ya cire gashi ɗaya ya ara masa. Don zumuɗi ya kasa jiran asuba, ya dinga tashinsu cikin dare yana cewa gari ya waye. Da aka isa kan itacen, duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Suka yi shiru. Da ya ci ya yi nak barci ya kwashe shi, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a tsakiyar ruwa.

Ana iya faɗa wa yaro wannan daga farko har ƙarshe yana zaune shiru, ya yi dariya, ya kwanta. Ya ƙaru, amma kaɗan. Gwada tsayawa a daidai inda hankaki suka yi shiru. Ki ce, "Kai Abdul, me ya sa ba su ce masa komai ba?" Ba a faɗi amsar a cikin labarin ba, dole ya shiga zuciyar hankaka ya nemo ta. Ki ce, "Me kake gani za su yi masa?" Yanzu yana hasashe, kuma zai kasa kunne ya ji ko ya canka daidai. In an gama ki ce, "Da kai ne hankaka, za ka bar shi a can?" Sai gardama ta tashi tsakaninsa da yayarsa, ita ta ce Gizo ya cancanta, shi ya ce ai ko ya yi laifi bai kamata a bar mutum ya nutse ba. Washegari ki ce ya ba ƙaninsa labarin, ki ji ko zai jera shi daidai ko zai sa barci kafin cin ɓaure. Waɗannan tambayoyi su ne dai waɗanda takardar jarrabawa za ta yi masa da Turanci bayan shekara shida ko bakwai. Bambancin kawai, a tabarmarki babu bulala kuma babu maki.

A ƙarshen shekarun 1980 wani masani Ba'amurke, Grover Whitehurst, ya gwada irin wannan karatu na tambaya da amsa da ƙananan yara, ya ga bakinsu ya fi buɗewa, kalmominsu sun fi yawa. Yau ana koyar da dabarar a kwalejojin horar da malamai. Ni abin da ke ba ni dariya, kakanninmu ba su jira shi ba. Tatsuniya ba ta farawa sai mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa. In an zo wajen waƙa, tare ake yi. Akwai tatsuniyoyin da da gangan ake ƙare su da tambaya, a ce cikin samarin nan uku wa ya fi gwaninta, a bar yara su yi ta musu har barci ya raba. Kacici-kacici kuwa me ya fi shi koya wa yaro cewa magana tana da ciki da waje?

Wani abin da 'yan Zango da yawa ba su sani ba: ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tatsuniyoyin Hausa a duniya daga ƙasar nan ya fito. Wani malami da ake kira Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami, lokacin ana ce wa ƙasar Gwalkwas, Baturen mulki R. S. Rattray ya fassara, aka buga a Oxford a 1913 cikin juzu'i biyu. Wato shekara 20 da wani abu kafin Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya. Ga kuma Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, wanda ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da Larabci da har yau jami'o'i ke nazari. Mu ba baƙin alƙalami ba ne a ƙasar nan. Amma dubi maƙwabtanmu Akan: Efua Sutherland ta ɗauki Ananse ta hau da shi dandalin wasan kwaikwayo, GTV ta yi shekaru tana nuna By the Fireside, Maame Dokono na zaune yara sun kewaye ta. Yaranmu sun san Kwaku Ananse sarai. Tambaye su wace ce Ƙoƙi.

Na san abin da wata uwa za ta ce, kuma tana da gaskiya. Ɗaki ɗaya, yara biyar. Ta tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora waakye ko ta dama koko, ba ta dawo ba sai bayan isha, ƙafa ta kumbura. Maigida yana tasha ko yana gadi. Wa ke da ƙarfin Gizo a wannan lokaci? Ba zan tsaya ina yi wa irin wannan baiwar Allah wa'azi ba. Abin da zan ce kawai, maganar minti goma ake yi, kuma ba sai an shimfiɗa tabarma an kunna fitila ba. Ana tsince wake ana yi. Ana kitso ana yi. In wuta ta tafi, talabijin ta mutu, waya ba caji, to ga lokaci Allah ya kawo. Gidan haya kuma da muke kuka da cunkosonsa yana da wani arziki: da wuya ka rasa tsohuwa ɗaya a ciki wadda ba ta zuwa ko'ina da dare. Gidan da ya iya tara yara goma sha biyar a gaban Kumkum Bhagya zai iya tara su a gaban Hajiya. Iyaye maza kuma kar su noƙe su ce aikin mata ne. Labarin yadda kakanka ya taso daga Sakkwato ko Dosso ko Sokode ya bi hanyar goro har ya sauka a nan, wa zai ba ɗanka in ba kai ba?

Akwai masu cewa tatsuniya ƙarya ce, bai dace a tarbiyyantar da ɗan Musulmi da ƙarya ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ban yarda da su ba. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka gaskiya ne. Tatsuniya kuwa da bakinta take shelar cewa ƙirƙira ce, har a rufewarta ana faɗa, kuma yaro ɗan shekara huɗu ya san gizo-gizon da ke bangon ɗakinsu ba ya magana. Amma a ce mutum zuciyarsa ba ta kwanta ba. To ga ƙissoshin Annabawa, ga tarihin Manzon Allah (SAW) da sahabbai. Alƙur'ani da kansa ya kira labarin Annabi Yusuf mafi kyawun labari. Sharaɗin dai ɗaya ne, a bayar da shi yadda yaro zai yi tunani, a tsaya a tambaye shi: me ya sa Annabi Yaƙub bai gaskata 'ya'yansa ba da suka kawo rigar? Me ya sa Yusuf bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa tun zuwansu na farko ba?

A nan ina da roƙo ga malamanmu na makaranta, Allah ya ƙara musu daraja. Yaro yana biya Alam tara kaifa sau ɗari, bai san akwai giwa a ciki ba. Wallahi ranar da aka ce masa akwai giwa, da sarki mai girman kai da ya zo rushe Ka'aba, da tsuntsaye ɗauke da duwatsu, idonsa sai ya yi waje, kuma ba zai ƙara manta surar ba. Minti goma sha biyar kafin a tashi, sau ɗaya a mako, malam ya ajiye bulala ya ba da labarin surar da ake kai da Hausa, ya bar yara su yi tambaya. Bai rage wa hadda komai ba.

Sai masu tsoron cewa Hausa za ta ɓata wa yaro Turanci. Wannan tsoro ya sa wasu iyaye sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa sam, sun koma wani guntun Turanci da bai wuce zo, tafi, bari, zauna, yi shiru ba. Yaro ya tashi ba Hausa mai zurfi, ba Turanci mai zurfi. Uwar da za ta iya ba shi kalma dubu da karin magana da habaici a harshenta ta koma ba shi umarni goma a harshen aro. Masana harshe irin su Jim Cummins na Kanada sun nuna cewa abin da yaro ya gina na tunani a harshensa na farko yana bin sa zuwa na biyu. Wanda ya saba tambayar "me ya sa" da Hausa ba sai ya sake koyon tambayar ba, kalmomin kawai zai sauya. Turanci zai same shi a sukul, a talabijin, a kan titi, ko'ina. Hausar da ke da nama a jikinta a gida kaɗai zai same ta.

"Ni ban yi sukul ba" ma ba hujja ba ce. Muna da laburare a unguwar nan, Nima Maamobi Gale Community Library, tun 1998. Asalinsa wata 'yar Kanada ce, Kathy Knowles, da ta fara karanta wa yara shida labari a lambun gidanta a Accra a 1990, abin ya girma ya zama Osu Children's Library Fund, da dakunan karatu a unguwanni da dama. Sun buga littattafai masu hotunan yaran Gana, har da jerin labaran wata yarinya mai suna Fati, suna irin na gidajenmu. Abin takaici, akwai iyayen da suka yi shekara ashirin suna wucewa ta wajen a trotro ba su taɓa leƙawa ba. Tura yaron. In ya dawo ki ce, "Me aka karanta muku yau? Ba ni da Hausa." Yaron da ya iya juya labarin Turanci zuwa Hausa ya fahimce shi, babu wata jarrabawa da ta fi wannan. Ke kuma da ba ki san A ba, ke ce mai duba takardar. Abu ɗaya dai: in ya kuskure kar a yi masa tsawa ko dariya. Ranar da hira ta koma tuhuma, ranar zai rufe baki.

Duk wannan ba ya sauke wa hukuma nauyi. An kafa Asusun Raya Zango da doka tun 2017. Sashen Ilimin Musulunci yana cikin GES tun 1987, da makarantu masu yawa a ƙarƙashinsa. Muna da 'yan majalisa a Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, muna da sarakunan Zango, muna da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu. In za a iya gina filin ƙwallo mai ciyawar roba, za a iya buga ƙananan littattafan labari ashirin da Hausa a raba wa KG da makarantun allo. Ba daga sifili za a fara ba. A Nijeriya shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, sun riga sun shirya littattafan koyon karatu da Hausa na ƙananan azuzuwa. Shafin African Storybook a intanet yana da labaran Hausa kyauta, ana iya saukewa a waya. Sai dai a gyara su su dace da bakinmu. Hausar Kano daban, tamu daban, kuma yaron Maamobi yana da haƙƙin ya ga trotro da waakye da kasuwar Nima a littafinsa. Masu yi wa Hausarmu dariya su yi ta yi. Da ita yaran ke mafarki, da ita za a fara. Kuma lokaci ya yi da shugabanninmu za su kai maganar shigar da Hausa cikin harsunan makaranta gaban Ma'aikatar Ilimi a rubuce, tunda minista da kansa ya buɗe ƙofar.

Gidajen rediyonmu masu shirye-shiryen Hausa, irin su Marhaba FM, suna da sa'o'i na siyasa da na masu maganin gargajiya. Rabin awa ranar Asabar da safe, tsohuwa ɗaya da yara shida a situdiyo, a tsaya a tsakiyar labari a buɗe layi yara su bugo su faɗi abin da suke gani zai faru. Ban ga kamfanin madara ko na sabulu da zai ƙi ɗaukar nauyin wannan ba.

Wanda ba ya jiran kuɗin kowa shi ne na samarinmu da 'yan matanmu masu manyan wayoyi. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyin nan da waƙoƙinsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace jana'iza da wasu labaran ake binnewa. Kowace ƙungiyar matasa, kowane bes da ake shan ataya, su zaɓi tsohuwa ɗaya a lungunsu, su je da goro da ɗan abin sayen koko, su nemi izininta, su ɗauki muryarta. A tura a WhatsApp iyaye su kunna wa yara, wani mai kyan hannu kuma ya zauna ya rubuta, da boko ko da ajami, ya sa sunan Hajiyar da ta bayar a sama.